Zancen zuci a labari: alamar zance, karkataccen rubutu, ko kalmomi kawai?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya a ƙungiyar marubuta: idan tauraruwar labari tana magana a ranta, a sa maganar cikin alamar zance kamar sauran hira, ko a karkatar da rubutun? Ta ce masu karatunta sun fara ƙorafin ba sa bambance abin da aka furta da wanda ya tsaya a zuci.

Malama, bari mu ɗauki wuri guda mu rubuta shi iri uku. Binta ce ta je gaishe da surukarta.

Da alamar zance:

Hajiya ta ce, "Sai yau kika ga damar zuwa?"

"Matar nan ba ta gajiya da mita." Binta ta sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Hajiya."

Kin ga inda gizo ke saƙa. Idon mai karatu ya saba cewa duk abin da ke cikin wannan alama kunne ya ji shi. Don haka a nan Binta ta caɓa wa surukarta magana ido da ido, ita kuma Hajiya ta yi shiru ba dalili. Ko kin ƙara "a ranta" a ƙarshen jimlar, an riga an ji muryar, gyaran ya zo a makare. In dole sai kin yi amfani da alamar, to "a ranta ta ce" ya riga maganar zuwa.

Karkataccen rubutu ya fi wannan tsabta a takarda, domin ido yana rarrabewa nan take, kuma ba a buƙatar alamar zance tare da shi. Matsalarsa tafiya. A WhatsApp ana samun sa ne ta hanyar sa ɗan layin ƙasa a farko da ƙarshe, kamar _haka_, kuma in aka bar fili tsakanin layin da kalmar ba zai karkata ba. Da an kwafi shafin zuwa wata manhaja ko an tattara littafin a dokumen, sai dai a ga layukan tsirara ko karkatar ta ɓace. Uwa uba, littattafanmu da yawa saurarensu ake yi a rediyo da YouTube, kuma mai karantawa ba shi da muryar da zai karkatar. Haka nan in karkataccen rubutun ya wuce layi biyu ko uku yana gajiyar da ido a fuskar waya.

Hanya ta uku ita muka fi ba da shawara, domin Hausa ta riga ta tanadi kayan aikinta:

Binta ta sunkuyar da kai. A ranta ta ce, matar nan ba ta gajiya da mita. A fili kuwa sai ta ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya."

"A ranta" da "a fili" tagwaye ne, duk inda aka kai labarin suna biye da shi, a takarda ko a kunne. Alamar zance ta zama ta abin da baki ya furta kaɗai. Sai dai kada a mayar da su waƙa. Sau biyar a shafi ɗaya ya yi yawa. Da zarar mai karatu ya san a kan wa yake zaune, ana iya sakin su a bar ƙananan kalmomi irin su anya, ashe, wai da oho su riƙe aikin:

Binta ta sunkuyar da kai. Anya matar nan za ta taɓa gajiya da mita? Ashe tuwon da ta aiko jiya bai wanke ta ba.

A nan fa akwai tarko biyu. Na farko, wakilin suna. Bayan "a ranta ta ce" Binta ce ke magana, sai a rubuta "tuwon da na aiko". In babu shi, mai ba da labari ne ke magana, sai "da ta aiko". Gauraya su a jimla ɗaya shi ke sa a rasa mai maganar. Na biyu, mata biyu a wuri guda duk "ta" ne. Duba misalin nan na sama: wa ya aiko tuwon, Binta ko Hajiya? Inda shakka ta shigo, a ambaci suna ko a koma kan "na".

Ita kuma hirar da ke kewaye da zancen zucin tana da nata ƙa'idojin. Duk sanda mai magana ya canja, a buɗe sabon sakin layi. Waƙafi yana zuwa bayan "ta ce", kafin a buɗe alamar, kuma kalmomi biyu ne, ba "tace" ba. Aya da alamar tambaya na maganar suna shiga ciki kafin a rufe. In maganar ta riga mai ita zuwa, "in ji Hajiya" ya fi daɗin kunne. Zancen zucin Binta kuwa ya zauna a sakin layin Binta. In ya faɗa cikin na Hajiya, Hajiya za a ɗora wa shi.