Juriya da ƙarfin ƙafa: wanne ke hawa, wanne ke sauka cikin kakar wasa

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka ƙara kilomitocin keke da gudu a hanyar Mirya numfashinka ya gyaru, amma tsallenka ya ragu, kuma in ka zo hawan tudu ƙafa ba ta zabura kamar da. In babu zafi ko kumburi a gwiwa, kwantar da hankalinka. Haka jikin mai shirin tiriyatlon, wato gasar da ta haɗa ninƙaya da keke da gudu, yake yi.

A tsawon da ake yi a Olamfik, gasar kilomita 1.5 ce a ruwa, 40 a kan keke, 10 a ƙafa. Zuciya da huhu ne ke ɗauke da yawancin aikin, shi ya sa juriya ke cin kaso mafi tsoka na atisaye. Ita kuwa sannu take ginuwa. Da farko ruwan jini ne ke ƙaruwa, zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, daga baya ƙananan hanyoyin jini su yawaita cikin tsoka. Sabon shiga kan ga canji babba cikin wata biyu zuwa uku. Tsohon hannu kuwa, ma'aunin oksijin da jikinsa ke iya sha, wanda ake kira VO2max, ba ya motsi sosai daga farkon kaka zuwa ƙarshenta. Abin da ke gyaruwa shi ne tsawon lokacin da zai riƙe gudu mai ƙarfi bai karaya ba. Sai dai juriya ba ta yafe hutu: a binciken Edward Coyle da abokan aikinsa na 1984, waɗanda suka ajiye atisaye gaba ɗaya sun rasa kusan kashi 7 cikin 100 na wannan ma'auni a mako 3, kashi 16 a mako 8.

Ƙarfin zabura shi nasa tsarin daban ne, kuma a nan nake son ka tsaya. Yana zuwa da wuri in kana ɗaga ƙarfe kana tsalle, don jijiyoyi na saurin koyon tayar da tsoka gaba ɗaya. Amma da kilomitoci sun yi yawa sai ya fara dusashewa: gajiya ba ta barin cinya, abincin da tsoka ta adana kullum a ƙare yake, kuma doguwar tafiya ba ta cika motsa zaruruwan tsoka masu saurin aiki ba. Robert Hickson ya nuna haka a 1980. Waɗanda ya haɗa wa ɗaga ƙarfe da gudu da keke na mako 10, ƙarfin ƙafarsu ya hau har wajen mako na 7, sannan ya tsaya, ya fara komawa baya. Alherin ƙarfin ƙafa shi ne arhar riƙo gare shi. Juriya sai ka ciyar da ita akai-akai, shi kuwa zama ɗaya mai nauyi a mako ya ishe ka ka riƙe abin da ka gina. Ina jin zafin ganin matasa na watsar da ƙarfe da zarar gasa ta matso, alhali minti 30 ya wadatar.

A nan Damagaram, ni dai hunturu nake ganin ya fi dacewa da gina ƙafa da tara kilomitoci, da sanyin safiya, in ƙura ba ta yi yawa ba. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, bugun zuciyarka zai hau ko a gudun da ka saba. Kada ka ɗauka juriya ce ta tafi, zafi ne da ƙishirwa. In azumi ya shigo, rage tsawon tafiya, ka bar ƴan zabura kaɗan bayan shan ruwa.

Mako ɗaya zuwa biyu kafin gasa, rage yawan atisaye da kusan rabi amma kada ka rage saurinsa. A wannan ɗan hutun juriya ba ta zubewa, ƙafa kuma sai ka ji ta dawo da sauƙi.

Don ka riƙa gani da idonka, shafa alli a yatsa, ka yi tsalle daga tsaye ka taɓa bango ɗaya duk mako biyu, da safe, bayan ranar hutu. Ka kuma ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya kafin ka tashi sallar asuba. In alamar alli na sauka kaɗan amma bugun na nan daidai, ci gaba da aikinka. In alamar na sauka, bugun na hawa, barci ya lalace, to ka wuce kima, ɗauki kwana biyu ko uku ka huta.