Shagon buga fasta na Fagge: aiki mai kyau, amma ɗan takara ne a gaban layi

Idan fasta kake son bugawa, ko kalanda, ko katin ɗaurin aure, kuma ba ka cikin gaggawa, shagon nan na Fagge ya cancanci kuɗinka. Idan kuwa kakar siyasa ta kama, kai ba ɗan takara ba, ba kuma yaron ɗan takara ba, to ka shirya zaman benci. Ba zan kama sunan shagon ba. Mai shi kowace jam'iyya yake yi wa aiki, kuma a Kano magana ɗaya ta isa a ce kai ɗan gidan wane ne, rabin cinikinka ya tafi.

Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu, muƙamin da babu albashi sai ƙorafi. Tun kafin zaɓen 2019 nake kai masa aiki: rasit ɗin kuɗin 'yan sintiri, kalandar Islamiyya, takardar kiran taro. Aikin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata takarda mai fuska biyu da dattawanmu suka ce a buga. A gaba akwai tambayoyin da za a riƙa yi wa duk wanda ya shigo unguwa neman ƙuri'a: ina ka yi karatu, da wace sana'a kake ci kafin siyasa, wane muƙami ka taɓa riƙewa, me ka bari a wurin, mene ne aikin kujerar da kake nema. A baya kuma fili ne na amsa da sa hannu.

Ta fuskar aiki ba ni da abin cewa sai yabo. Tsohon injinsa ɗan Jamus ne, ya girmi duk yaran shagon, amma kala tana fita yadda aka nuna maka a kwamfuta. Ja ya fito ja sosai, kuma duk wanda ya san Kano ya san jan da ya koɗe a fastar wasu mutane rigima ce. Yankan takarda a miƙe yake. Idan ka biya kuɗin dubu, dubu za ka ƙirga, ba irin wuraren da ake zare hamsin daga tsakiyar ƙunshi don an san ba mai zama ya lissafa ba. Fastocin da ya buga mana na gyaran magudanar ruwa sun ci damina guda a jikin bango ba su wanke ba. Kuɗinsa ya ɗan ɗara na maƙwabtansa, kuma ba ya yi maka farashin da zai kwana, don takarda da tawada daga waje ake shigo da yawancinsu, dala ta motsa su motsa. Abin da ya ba ni haushi a aikin kansa ɗaya ne: rubutun da yaronsa ya fi so ba shi da haruffa masu lanƙwasa, sai ka tsaya a kansa kafin ya canza.

Yaron nan da ke zane a kwamfuta shi ne zuciyar shagon, kuma a bayansa na fi zama ina kallo. Yana da wata ma'ajiya cike da kirari da ya tara tun zaɓukan baya: garkuwan talakawa, mai hannun kyauta, matashi mai jini a jika, alheri ne, cancanta ce. Yaron ɗan takara zai shigo da hoto a waya, a buɗe ma'ajiyar, ya nuna wanda ya yi masa. Ko tsari ba a canzawa. A cire kan wancan a ɗora na wannan, a canza tsintsiya zuwa lema ko lema zuwa wani abu, shi ke nan. Za a goge tamoji, a haska fata, a rage tumbi. Duk laƙabin da aka faɗa masa shi zai rubuta, Dakta ne, Injiniya ne, Kwamared ne, ba ya tambayar takarda. Sau ɗaya na ga ya ƙi: wani ya ce a ɗan ƙara wa maigidansa tabon sallah a goshi, yaron ya ce wannan kam ba da shi ba. Na ji ya burge ni.

Abin da aka fi ɓata lokaci a kansa ba hoton ɗan takarar ba ne, hoton ubangidansa ne. A saman dama za a sa shi ko a tsakiya, ya kai girman na ɗan takara ko ya fi, idan iyayen gidan biyu ne wa zai hau kan wa. Na ga an dawo da fasta an sake bugawa gaba ɗaya saboda jagora ya fito ƙarami. Ban taɓa ganin an dawo da ita don an manta rubuta abin da mutumin ya taɓa yi a rayuwarsa ba, saboda tun farko ba a tanadar wa wannan fili ba.

Da mai shagon ya karanta takardarmu, dariya ya yi. Ya ce, "Malam sakatare, wa zai cike maka wannan?" Na ce, "Alhaji, kai ba ka jin komai kana rubuta wa kowa cancanta ce?" Ya ce, "Ni takarda nake sayarwa, ba shaida ba. Ku da kuke dangwalawa ku ne masu shaida."

Na daɗe ina juya maganar nan, domin ita ce dai ake yi a kowace majalisa da kowane teburin mai shayi: talaka ne ya jawo wa kansa, ya karɓi taliya da atamfa da sabulu ya zaɓi wanda bai san hagunsa da damansa ba, ko wanda kowa ya san hannunsa ba tsarki, don haka dimokuraɗiyya ba ta dace da mu ba. Ban ce ƙarya ba ne. Na tsaya a akwati na ga ana nuna takarda ana karɓar kuɗi a bayan aji. Amma wanda ya zauna a shagon ɗab'i zai ga rabin maganar da ba a faɗa.

Ka ɗauki takardar ƙuri'ar kanta. Babu sunan ɗan takara a kanta, babu hotonsa, tambarin jam'iyya ne kawai da harufan sunanta. A 2023 abin da aka riƙa koya wa mata da tsofaffi a Kano shi ne su nemi kwandon kayan marmari ko tsintsiya ko lema. A 2015 kalma ɗaya ce ta yi aiki, sak, daga sama har ƙasa, kuma mutane da yawa sun shiga majalisa a inuwar Buhari ba tare da mazaɓarsu ta san muryarsu ba. Wanda ke bayan tambarin kuwa an gama zaɓensa watanni kafin a zo gare ni. Ko deliget ne suka zaɓe shi bayan an kwana ana rabon ambulan, ko an ce an yi masalaha, wato jagora ya nuna da yatsa. A 2022 fom ɗin takarar gwamna a APC naira miliyan 50 ne, na sanata miliyan 20, na majalisar wakilai miliyan 10, tun kafin a buga fasta ko guda. Tsarin mulki kuma bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da kai. To malamin makarantar da duk unguwa ta yarda da amanarsa ta ina zai bi? Ni mai ƙuri'a tamkar wanda aka kai rumfa ne aka ajiye masa buhu uku a ɗaure aka ce ya zaɓa, in ya je gida ya tarar da tsakuwa a ce ai shi ya ɗauka.

Maganar ilimi ma doka ba ta tsananta ba. Abin da tsarin mulkin 1999 ya nema daga ɗan majalisa har shugaban ƙasa shi ne karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, kuma sashe na 318 ya buɗe wannan makamancin har ya haɗa da mai shaidar firamare da ya yi aiki shekara goma, ya halarci kwasa-kwasai, yake iya karatu da rubutu da Turanci. Ni wannan bai dame ni sosai ba. Na san masu digiri biyu da ba zan ba su ajiyar kuɗin masallaci ba, na kuma san 'yan kasuwar Kwari da ba su wuce allo ba amma sun riƙe amanar miliyoyi shekara da shekaru. Abin da ya dame ni shi ne Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce a kafe takardun ɗan takara a mazaɓarsa kowa ya gani, sannan ta ce wanda zai iya kai ƙara kan bayanan ƙarya a cikinsu sai wanda ya shiga zaɓen fid da gwani tare da shi. Ni da zan zauna ƙarƙashinsa shekara huɗu, nawa kallo. Idan ya hau ya lalace, akwai kiranye a rubuce, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu. Wanda aka gwada wa Dino Melaye a Kogi a 2018 tun a matakin tantance sa hannu ya mutu.

Zaɓen ƙananan hukumomi kuwa ba sai na ja ba. A 2018 da 2021 APC ce ta kwashe duka 44. A Oktoban 2024 NNPP ta kwashe duka 44 da kujerun kansila 484. Jam'iyyar gwamna ce dai kowane karo. Fastocin wannan zaɓen ma ba don mu ake buga su ba, don jagora ya gani a hanyarsa ta wucewa ne.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a tattara a ajiye. Kanawa sun iya abu ɗaya da ƙuri'a, sun iya kora. A 2003 Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna mai ci, Rabi'u Musa Kwankwaso. A 2011 aka dawo da Kwankwason. A 2023 jam'iyya mai mulki a jiha da tarayya ta sha kaye, Abba Kabir Yusuf ya samu 1,019,602, Nasiru Gawuna 890,705. Ko a lokacin sai da kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare wa Abba ƙuri'a 165,663 saboda babu hatimi da sa hannu a takardun, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar. Na tuna ranar hukuncin farko Alhaji yana cewa bai taɓa sanin hatimin roba ya kai wannan daraja ba, shi da yake yin sa a kuɗin da bai kai na buhun siminti ba. Soja ba ya koruwa da dangwale, wannan kaɗai ya ishe ni hujja. Sai dai korar ba ta ba ka ikon zaɓo wanda zai maye gurbin, kuma cikin masu rajista kusan miliyan 5.9 a jihar, kamar kashi ɗaya cikin uku ne suka fito zaɓen gwamnan 2023. Sauran ba taliya suka karɓa ba, gida suka zauna.

In koma kan shagon, ga inda ya gaza. Alkawarin lokaci ba ya riƙewa idan 'yan siyasa sun shigo. An ɗora aikinmu a inji, wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya, aka sauke namu aka hau nasu, har ranar taron da muka shirya raba takardar ta wuce. Da na yi magana, Alhaji ya ba ni haƙuri, ya rage mini wani abu a cikon kuɗin, ya kuma buɗe mini wani littafi. Bashin 'yan takara ne shafi bayan shafi, wasu tun zaɓukan baya. Waɗanda suka faɗi sun daina ɗaukar waya. Waɗanda suka ci sun fi wuyar samu, sai dai a ce masa oga yana Abuja. Na ce to me ya sa har yanzu su ne a gaba? Ya ce aikin mutum ɗaya a cikinsu ya fi namu na shekara, kuma idan ka ƙi yi wa wanda ya ci, ka rasa kalanda da takardun ofis na shekara huɗu. Ban ji daɗin amsar ba, amma ban ga ƙarya a cikinta ba.

Wurin zama ma matsala ne. Benci ɗaya ne, ƙarar janareto da warin tawada ba sa barin mai ciwon kai ya daɗe, mace kuwa in ta zo sai dai ta tsaya daga bakin ƙofa saboda cunkoson 'yan jagaliya masu jiran fasta.

Takardar tamu dai ta fito tsaf, mun raba a taro na gaba. Masu neman kujera da suka shigo unguwa sun karɓa da hannu biyu, sun yaba, sun ce za su aiko da amsa. Mutum ɗaya ne ya cike ya sa hannu a gabanmu, wani matashi mai shagon gyaran waya da ke son kansila, kuma ko fom bai samu ba, an yi masalaha da wani.

Wanda zai kai aiki, ya kai kafin a fara zaɓen fid da gwani, ko ya bari sai an rantsar. Ya biya rabi kawai, ciko sai kaya sun shiga hannu. Ya nemi a fitar masa da gwaji guda a takarda ya karanta da idonsa kafin a ɗora a inji, kada ya yarda da abin da ya gani a fuskar kwamfuta, kuma ya sa a rubuta ranar karɓa a jikin rasit.