Sharhi kan haɗin Opdivo da Yervoy a rage awo ga masu sankarar fata ta melanoma

Idan sankarar melanoma ta bazu a jiki, haɗin da aka fi dogara da shi shi ne nivolumab, wanda ake sayarwa da sunan Opdivo, da ipilimumab, wato Yervoy. Dukansu na kamfanin Bristol Myers Squibb ne. Na farko yana toshe PD-1, na biyu yana toshe CTLA-4, wato sunadarai biyu da ke taka wa garkuwar jiki birki, ta haka garkuwar jiki ke samun damar afka wa ƙwayoyin cutar. Awon da aka saba shi ne nivolumab miligiram 1 da ipilimumab miligiram 3 kan kowane kilo na nauyin majiyyaci, duk mako uku, sau huɗu. Yana aiki ƙwarai: a binciken CheckMate 067, kashi 43 cikin ɗari na waɗanda suka karɓe shi suna raye bayan shekara goma. Sai dai fiye da rabinsu sun gamu da illa mai tsanani.

Mafi yawan illar daga ipilimumab take, kuma tana ƙaruwa gwargwadon awonsa. Shi ya sa aka juya lissafin: ipilimumab ya sauko miligiram 1, nivolumab ya hau 3. Mai kilo 70 zai karɓi miligiram 70 na Yervoy maimakon 210. A binciken CheckMate 511, wanda aka wallafa a 2019, illa mai tsanani ta sauko daga kashi 48 zuwa 34, yayin da sankarar ta ragu a jikin kusan kashi 46 cikin ɗari na waɗanda suka karɓi sabon awo, a tsohon awo kuwa kusan 51. A ganinmu wannan ciniki ne mai kyau, domin wanda gudawa ta kwantar bayan zagaye na biyu ba ya kammala magani. Amma a sani, an tsara binciken ne don auna illa, bai isa ya tabbatar da cewa ƙarfin awon biyu ɗaya ba ne.

Inda muke taka-tsantsan shi ne idan cutar ta kai ƙwaƙwalwa. Binciken da ya nuna haɗin yana aiki a can, CheckMate 204, da cikakken awo aka yi shi, don haka likitoci da yawa ba sa ragewa ga irin waɗannan majiyyata.

A ɗakin ƙarin ruwa, nivolumab ake fara sawa, sannan ipilimumab a rana guda. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne musanya lambobin biyu a takardar magani, saboda 1 da 3 ne a kowane tsari, dole mai haɗa magani ya sake dubawa. Kwalbar Yervoy kuma miligiram 50 ce ko 200, don haka awon 70 yana cin kwalba biyu masu 50 a bar 30.

Rage awo bai kawar da illa ba. Kumburin hanji, hanta, da glandar wuya na nan, shi ya sa ake gwajin jini kafin kowane zagaye. Idan bahaya ta ƙaru sau huɗu zuwa shida a rana, a dakatar da magani. Idan ta kai bakwai, a fara prednisolone, maganin rage kumburi, miligiram 1 zuwa 2 kan kilo, a janye shi a hankali cikin mako huɗu zuwa shida. Idan illa ta taso a tsakiyar magani, ba a rage awo, jinkirtawa ake yi ko a tsayar gaba ɗaya. Shawarar ƙaramin awo tun kafin ƙarin ruwa na farko ake yanke ta, tare da likitan sankara.