Zoɓo da balangu, kunun aya da farfesu: sharhi kan wata mai haɗa abin sha na walima a Kano

A ƙarshen watan Maris da ya gabata aka ɗaura auren ƙanena a Kano, kuma kasancewar ni ce babba a ɗakinmu, sai aka ɗora mini ɗawainiyar ci da sha na walimar da muka shirya wa mutum 250. Batun abinci bai tayar mini da hankali ba, domin muna da mai girkin da ta saba yi wa danginmu hidima. Abin sha ne ya tsaya mini a rai, saboda na gaji da halartar bukukuwan da ake jibge lemon kwalba da ruwan roba a tsakiyar tebur, a bar baƙo ya kora masa da miyar taushe da abin da zaƙinsa ya kashe ɗanɗanon miyar gaba ɗaya. Wata abokiyar aikina ce ta haɗa ni da wata baiwar Allah mai ƙaramin kamfani wanda abin sha kaɗai yake yi, amma da sharaɗin sai ya dace da abincin da za a ci. Ba zan ambaci sunanta ko na kamfanin ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo kuma akwai ƙorafi.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne ta ƙi yanke mini farashi kafin ta ga jerin abincin. Na lissafa mata masa da miyar taushe, da dafa-dukan shinkafa da soyayyiyar kaza, da balangun rago, da farfesun kayan ciki, sai kuma kayan gara irin su alkaki da nakiya da dubulan. Ta yi shiru tana dubawa, sannan ta ce, "Hajiya, abincin nan naki maiƙo da yaji ne suka fi yawa a cikinsa, saboda haka idan na cika miki tebur da kayan zaƙi, baƙinki za su ginsa tun kafin su kai rabin faranti." Ta bayyana mini cewa ta ɗauko tsarin nata ne daga yadda ake yi a ƙasashen da ake shan giyar inabi, irin su Faransa da Italiya, inda manyan gidajen abinci kan ajiye ma'aikaci na musamman wanda aikinsa shi ne zaɓar abin shan da zai tafi da kowane irin girki. A can sukan haɗa jar giya mai bauri da jan nama, fara mai ɗan tsami kuma da kifi. Giya ba ta cikin lissafinmu, addini ya haramta ta, kuma dokar Jihar Kano ta hana sayar da ita tun bayan ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000. Sai dai hikimar da ke ƙarƙashin wancan tsari ta harshe ce, wato tsami da bauri suna yanke maiƙo, zaƙi da garɗi suna kwantar da yaji, kuma duk waɗannan muna da su a cikin abubuwan shan da iyayenmu suka san su.

Mako guda kafin bikin ta kira ni ɗanɗano a gidanta, ta kuma nemi in zo da ɗan balangu da masa daga wurin mai girkinmu, domin a gwada komai tare da abokin tafiyarsa. Wannan zama shi ne mafi amfani a cikin duk hidimar da ta yi mini, kuma ba ta karɓi ko kwabo a kansa ba.

Zoɓo kala uku ta ajiye a gabana. Na farko irin wanda aka saba sayarwa ne, mai sukari da yawa da ƙamshin filebo. Na biyu an dafa shi da ɓawon abarba da citta da kanumfari, sukarinsa kaɗan. Na uku babu sukari ko kaɗan, sai dabino da aka jiƙa aka markaɗa aka tace a ciki. Da na sha su haka nan, na farkon ne ya fi yi mini daɗi, amma da na ci yankan balangu mai kitse na biyo shi da kowanne, sai lissafin ya juye. Mai sukarin ya haɗu da kitsen ya bar mini baki a dafe, na biyun kuwa ya wanke harshen tas, har na ji ina son in ƙara wani yankan. A nan ne ta faɗa mini cewa ita ba ta saka kanwa a zoɓonta. Masu sayarwa da yawa kan jefa kanwa domin ta kashe tsamin, a samu sauƙin sukari, kuma ita ce take mayar da launin ya yi duhu ya koma kamar baƙi. A wurinta tsamin nan da ɗan baurin da ke biyo bayansa su ne aikin zoɓo a kan teburin nama, saboda haka kashe su daidai yake da zubar da abin da aka saye shi dominsa. Zoɓon nata ja ne jawur, ana hango haske ta cikin tambulan.

Ta ce busasshen zoɓon daga kasuwar Dawanau take saro shi, kuma tana zaɓar mai duhun ja wanda ba a cakuɗa shi da ƙasa da karare ba. Ya kamata a tuna cewa wannan ganye da muke yi wa kallon abin shan talaka, wanda Jihar Jigawa ta yi fice wajen nomansa, ana loda shi a kwantena zuwa Meziko, inda suke shansa da sunan jamaica, kamar yadda mutanen Senegal ke kiransa bissap, na Sudan da Masar karkade, na Ghana kuma sobolo. Ban ga dalilin da zai sa mu ji kunyar ɗora shi a babban tebur ba.

Farfesun kayan ciki ta haɗa shi da kunun aya, wanda ta yi da aya da dabino da kwakwa da ɗan kanumfari, ba tare da sukari ba. Dalilinta shi ne sinadarin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa, shi ya sa mai cin yaji zai sha ruwa kofi uku bakinsa bai daina raɗaɗi ba, lemo mai gas kuma ƙara hura wutar yake yi. Nono ya fi komai kashe yaji, amma fura da nono ta yi nauyi a ajiye ta gefen faranti, domin ita kanta abinci ce. Kunun aya yana da maiƙonsa na asali da garɗi da zaƙi marar ƙarfi, kuma da na gwada shi da farfesun na tarar yana sassauta zafin ba tare da ya danne ƙamshin kimba da masoro ba.

Masa da miyar taushe kuwa lamurje ta zaɓar musu, wato jiƙon tsamiya da citta da kanumfari da ɗan barkono, wanda ta zaƙaƙa da mazarƙwaila. Na yi tsammanin tsamin masa da na tsamiya za su yi karo, amma miyar taushe da kabewarta da gyaɗarta tana da kauri da zaƙi-zaƙi, kuma lamurjen ne ya ɗaga ta. Ta yi mini kashedi tun farko cewa duk abin da citta ta yi yawa a cikinsa zai fi tsada, domin tun cutar da ta lalata gonakin citta a Kudancin Kaduna a daminar 2023 farashinta ya yi tashin gwauron zabo. Dafa-duka da kaza ba ta wahalar da kanta a kansu ba, ta ce zoɓon ya ishe su, kuma haka ɗin ne.

Inda muka yi saɓani shi ne batun kwalaben ruwan inabi mai kumfa, waɗanda ake naɗe wuyansu da takarda mai ƙyalli, ake buɗe su da ƙara a gaban ango da amarya. Dangin amarya sun dage sai an ajiye su a babban tebur, ni ma na goyi bayansu saboda hoto. Ita ba ta so ba, amma da ta ga mun nace sai ta ɗauki nauyin sayo su da kanta, ta kuma nuna mini wani bambanci da ban taɓa lura da shi ba. Akwai wanda ruwan inabi ne zalla da aka sa wa gas, bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma wanda giya ce sosai aka yi, daga baya aka cire barasar, kuma irin wannan yakan iya ɗaukar ragowar barasa har zuwa kashi 0.5 cikin 100 duk da an rubuta a jikinsa cewa ba na maye ba ne. Kwalaben biyu kamanninsu ɗaya ne a kan kanta, sai wanda ya juya ya karanta bayan kwalbar zai gane. Ta sayo mana nau'in farko, ta duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kan kowane katan. Na yaba da wannan kulawa ƙwarai. Shi kansa abin shan kuwa, gaskiyarta ce ta fito, domin zaƙinsa ya yi yawa, bai tafi da naman ba, bai tafi da masar ba, kuma yawancin kofunan da aka zuba shi an kwashe su da fiye da rabi a ciki, alhali kwalba guda ta fi kuɗin zoɓon tebur sukutum.

Ranar walimar ma'aikatanta shida suka iso tun ƙarfe 11 na safe, sanye da tufafi iri ɗaya masu tsabta, suka jera kuloli a bayan ɗakin taron. Tsarin da suka bi ya burge ni. Ba su zuba ƙanƙara a cikin abin sha ba, sai dai su nutsa jarkokin a cikinta, don kada ta narke ta tsinka ɗanɗanon, kuma kada a shayar da mutane ruwan da ba a san asalinsa ba. Suna bin sawun masu raba abinci, idan masa ta sauka a tebur lamurje na biye da ita, idan balangu ya zo sai tulun zoɓo ya sauka. Wani kawunmu da ba ya yabon komai ya kira ni ya tambayi wanda ya dafa zoɓon, ya ce rabonsa da shan irinsa tun zamanin mahaifiyarsu.

Matsalar ta zo ne ta kunun aya. An tsara za a fara cin abinci bayan sallar Azahar, amma kamar yadda aka saba, dangin amarya ba su iso ba sai bayan La'asar, farfesu kuma bai fito ba sai wajen ƙarfe 5. Kunun tun asuba aka markaɗa shi, kuma duk wanda ya san kunun aya ya san ba ya jimirin zafi, sa'o'i kaɗan ne a wajen sanyi yake fara tsami, balle a bazarar Kano da zafi ke kaiwa digiri 40. Ƙanƙarar kuloli biyu ta narke, ba su tanadi wata ba, kuma maimakon su ɗanɗana kafin su fitar, sai suka raba shi haka nan. Teburan gaba sun samu mai kyau, amma na baya, inda ƙawayen mahaifiyarmu suke, an kai musu wanda ya fara juyawa, har wata gwaggonmu ta kira ni gefe ta ce, "'Yar nan, ki sa a janye kunun nan kafin ya ɓata wa mutane ciki." Jinkirin laifinmu ne, ban musa ba. Sai dai wadda ta shekara tana hidimar biki a garin nan ta san ba a fara taro a kan lokaci, kuma ya kamata a ce ta raba markaɗen gida biyu, ko ta zo da ƙanƙarar da za ta kai dare.

Ƙorafi na biyu ƙarami ne amma ya dame ni. Na nemi a ware zoɓo marar sukari saboda dattawa masu ciwon sukari, an kuma yi shi, sai dai ba a sa wa tulunansa wata alama ba, saboda haka ya gauraye da sauran, ni da kaina na riƙa bi ina ɗanɗanawa kafin in miƙa wa wanda aka yi dominsa.

Da aka fito da alkaki da nakiya da dubulan, sai ta rufe da baƙin shayi mai na'ana'a da citta a ƙananan kofuna, marar sukari sosai, domin kayan garar sun riga sun ɗauki zuma da mai. Wannan ya yi daidai, kuma shi ya riƙe maza a kujerunsu har kiran Magariba.

Ta fuskar kuɗi, hidimarta ta fi sayen lemon kwalba tsada, amma ba da tazara mai yawa ba idan aka cire kwalaben inabin da mu muka jawo wa kanmu. Tana karɓar rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, sauran bayan taro, kuma kofuna da tuluna da ma'aikata duk suna cikin farashin. Washegari na kira ta na faɗa mata abin da ya faru da kunun, ba ta yi gardama ba, ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan sakacina ne," ta kuma cire kuɗin jarka biyu daga cikon da zan biya. Wanda zai yi taron mutum 50 a gida ba ya buƙatarta, domin duk abin da ta haɗa ana iya yinsa a madafi idan an san abin da za a ajiye kusa da me. Amma ga taro babba zan sake ɗaukarta, kuma na riga na yi mata maganar bikin 'yar yayata da za a yi bayan Babbar Sallah, bisa sharaɗin a rubuta a takardar yarjejeniya cewa kunun aya sau biyu za a markaɗa, na biyun bayan Azahar, kuma a ɗaura jan zare a wuyan kowane tulu marar sukari.