Yoyon ruwan sama a cikin a-kori-kura: gwajin tiyo ko gwajin kumfa?

Ɗan'uwanmu ya yi tambaya: duk ranar da aka yi ruwa, kafet ɗin bayan kujerar a-kori-kurarsa sai ya jiƙe sharkaf, motar ta ɗauki wari. Wani ya ce a watsa mata ruwa da tiyo, wani ya ce a shafa ruwan sabulu, na uku kuma ya ce a bi robobin duka da silikon a huta. Wanne zai bi?

Malam, shawara ta uku ka jingine ta tukuna. Inda ruwa ya taru a mota da wuya ya zama nan ya shigo. Yakan shiga ta rufi, ya bi bayan silin, ya gangara cikin ginshiƙin ƙofa, ya je ya kwanta a wuri mafi kwari. Wanda ya toshe kafin ya gano ƙofar, gam kawai ya ɓata.

Ka fara tabbatar da cewa ruwan sama ne. In yana da santsi da launi da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma ruwan lagireto yana raguwa, hita, wato na'urar ɗumama cikin mota, ce ta fashe a bayan dashbod. In fari ne tas, a ƙafar fasinja, kuma ko babu hadari yana fitowa muddin an kunna esi, ƙaramin bututun da ke zubar da ruwan esi ne ya toshe. Waɗannan biyun babu ruwansu da gwajin da za mu kwatanta.

Gwajin tiyo aikin mutum biyu ne. A ciro tabarmin ƙafa, a ɓalle robobin bakin ƙofa da murfin ginshiƙai, a ɗaga kafet, a goge ƙarfen ya bushe. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗayan ya riƙe tiyo a waje, ruwan yana malala a hankali ba tare da an matse bakinsa ba. Daga ƙasa ake farawa a yi sama: gindin ƙofa, tsakiyarta, ramin da ke ƙarƙashin waifa, gefen gilashi, rufi a ƙarshe. Kowane wuri a ba shi kamar minti 5. Da an fara da rufi, ruwa ya wanke ko'ina, na ciki zai ga ɗigo amma ba wanda zai iya cewa daga ina. Injin wankin mota mai ƙarfin feshi kuwa kada ya matso kusa, domin yana cusa ruwa har ta robar da lafiyarta ƙalau, ka tashi da laifin da babu shi. In yoyon mai jinkiri ne, a barbaɗa hoda a bangon bayan kujera da ginshiƙai. Ruwa zai ja layi a cikinta ya nuna hanyar da ya biyo. Wani yoyon kuma sai mota ta karkata yake bayyana, don haka a tsayar da ita yadda take kwana, gaba a sama ko baya a sama.

Gwajin kumfa juyin wancan ne: iska ake turowa daga ciki. A rufe ƙofofi da gilasai, a sa fankar motar a ƙarshen gudunta, a maɓallin jawo iskar waje, ba na juya ta ciki ba. A zuba cokali ɗaya na sabulun wanke-wanke a rabin lita na ruwa, a fesa a kewayen gilashin gaba, na baya, fitilar birki ta saman rufi da gindin eriya. Inda kumfa ya riƙa tasowa yana kumbura, nan ƙofar take. Akwai wasu ƙofofin iska masu leɓen roba a bangon baya na gidan direba, tsakaninsa da bodi, waɗanda ke sakin iska idan an rufe ƙofa. A liƙe su da tef kafin gwaji, in ba haka ba iskar ta nan za ta tsere. Su ma kansu sukan yi yoyo in robarsu ta bushe.

To, wanne ya fi? Kumfa ya fi sauri, mutum ɗaya ya isa, ba ya ƙara jiƙa motar, kuma yana nuna ainihin wurin hudar. Amma makaho ne ga duk yoyon da toshewar magudana ta jawo. Ganye da ƙasa su cika ramin ƙarƙashin waifa, ruwa ya tumbatsa ya faɗa ta mashigar iskar fanka zuwa ƙafar fasinja: babu kumfan da zai nuna wannan. Haka ledar da ke manne a cikin ƙofa. Ruwa dama yana shiga cikin ƙofa ta gefen gilashi ya fita ta ramukan gindinta; in ledar ta ɓalle ko ramukan sun toshe, sai ya biyo ta ciki. Tiyo ne kaɗai ke tona irin waɗannan. A ganinmu tiyo ne na farko, shi ke nuna unguwar. Kumfa ya zo ya nuna gidan.

A motarka kuwa, tun da baya ne ke jiƙewa, wanda aka fi zargi shi ne fitilar birki ta sama. Soso ne siriri a bayanta, rana ta gasa shi ya lotse. Duba silin ta ciki daidai saitinta, sau da yawa za ka ga shatin ruwa mai launin ƙasa. Bayan ita sai gilashin baya, musamman mai zugewa, wanda ƙananan ramukan layinsa ke cikewa da ƙura.

Yanzu maganar abin toshewa. Silikon ɗin gini, mai warin nan mai yaji a hanci, yana fitar da asid lokacin bushewa, yana sa ƙarfen da fentinsa ya kankare ya yi tsatsa. Fenti ba ya kama shi, gam ɗin gilashi ma ba ya kama inda ya taɓa, sai an sha wahalar kankarewa. Butil, baƙin gam ɗin nan mai danƙo da ke zuwa a naɗe kamar igiya, ba ya daskarewa, yana bin motsin bodi, kuma ana iya cire abin a mayar. Shi ya dace da ledar ƙofa, da bayan fitilar in ba a sami sabon gasket, wato wancan soson, ba. Kwance sukurorinta, goge wurin da sifirit, kewaya ramin da butil ba tare da yankewa ba, haɗin ya kasance a ƙasa, sannan ka ɗaure daidai kima. Ɗaurin ƙarfi fasa robar fitilar yake yi. Tsagewar haɗin rufi tana son gam ɗin bodi da ake fenti a kansa. Gilashin gaba kuwa da wani gam mai ƙarfi da ake kira yuretan ake liƙa shi, kuma yana cikin abin da ke riƙe rufi da tokare jakar iska ta fasinja, wadda ke kumbura ta kare mutum in an yi karo. In shi ne, a kai wa mai gilashi ya cire, ya magance tsatsar bakin, ya sake ɗorawa.

Bayan gyara a maimaita tiyo a wurin kafin a mayar da robobi. Soson ƙarƙashin kafet yana riƙe ruwa ko da saman ya bushe, ga wayoyi suna bi ta nan. A tokare shi sama, a sa fanka kwana 2 ko 3. In sai an cire kujera, a fara cire kan batir na negatif, a ɗan jira mintuna kafin a taɓa soket mai ruwan ɗorawa da ke ƙarƙashinta, na jakar iska ne.