Kwas ɗin Hana Cin Zarafi a Wurin Aiki: Wanne Za Ka Saya wa Ma'aikatanka?

Shekarar da hukumar gudanarwarmu ta ce lallai kowane ma'aikaci ya yi horon hana cin zarafi, abin da ya fara zuwa hannuna shi na saya: kwas na intanet daga wani kamfanin ƙasar waje, aka biya da dala, kowa da lambar shigarsa. Cikin mako uku mutum 64 suka gama, satifiket ya cika fayil. Sai wata Alhamis bayan la'asar, wata yarinya da ke aiki a sito, ba ta fi wata huɗu da farawa ba, ta tsaya a bakin ofishina tana murza gefen mayafinta. Ta ce, "Anti, don Allah ina da tambaya. Idan mutum ya ce aurenki zai yi, kin ce a'a, amma kullum da dare sai ya kira, kuma shi ne mai sa hannu a takardar sabunta aikinki, shi ma yana cikin abin da aka koya mana?" Yarinyar nan ta ci jarrabawar kwas ɗin da maki mai kyau. Amma babu ko misali ɗaya a cikinsa da ya yi kama da abin da ke hana ta barci.

Tun ranar na daina auna kwas da yawan waɗanda suka kammala. Tambaya biyu nake yi wa duk wanda ya kawo mini talla. Ƙaramar ma'aikaciyar da ta gama shi, za ta gane sunan abin da ake yi mata, ta kuma san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa? Shugaban sashen da aka kawo wa kuka, ya san abin da zai yi kafin a tashi aiki a ranar?

Ka fara da sanin abin da doka ke nema a wurinka, domin dillalai da yawa da tsoron doka suke sayar da hajarsu, kuma dokar da suke nufi ta Amurka ce. A jihar Kalifoniya, duk mai ma'aikata 5 ko fiye dole ya ba shugabanni horon awa 2, sauran ma'aikata awa 1, duk bayan shekara 2. A jihar New York kowace shekara ake yi. Yawancin kwasa-kwasan da ke intanet an ɗinka su ne daidai wuyan waɗannan dokoki, har da agogon da ke ƙirga mintuna. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yanka wa kowa awannin horo ba, amma kada wannan ya rufe maka ido. Tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraren ƙarar neman lalata a wurin aiki. A 2013 kotun ta ba wata ma'aikaciyar Microsoft Nigeria gaskiya, kuma ba manajan da ta kai ƙara kaɗai aka ɗora wa diyya ba, har da kamfanin. Akwai dokar VAPP ta 2015, wato dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, da jihohi ke ɗauka ɗaya bayan ɗaya, sai ka duba matsayin taka jihar. Sannan a watan Nuwamba 2022 Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Wannan yarjejeniya ta haɗa da masu neman aiki, masu koyon aiki da 'yan sa kai, ta kuma shafi tafiye-tafiyen aiki da saƙonnin waya masu alaƙa da aiki. Ta ce a ba da horo ta hanyar da mutane za su iya fahimta. Duk kwas ɗin da bai san da waɗannan ba, ba da kai aka rubuta shi ba.

Zaɓi na farko shi ne irin wanda na fara saya, wato shiryayyen kwas daga kamfanoni kamar Traliant, NAVEX ko EasyLlama. A gaskiya suna da kyau ta fuskar tsari. Bidiyon a tsabtace yake, manhajar tana tunatar da wanda bai gama ba, tana fitar da rahoton wa ya yi, yaushe ya yi. Idan kana da taka manhajar horaswa, za su iya ba ka fayil irin na SCORM, wato tsarin da manhajojin horaswa ke karantawa, ka ɗora a kai. Ga banki, ko kamfanin da ke da abokan hulɗa a waje masu neman shaida a rubuce, ko ofishin da kowa ke da kwamfuta kuma Turanci ya zauna masa, wannan na iya biyan buƙata. Matsalar tana cikin misalan. Za ka ga liyafar ofis da ake shan giya, da lambar hukumar da ke Amurka wadda babu wanda zai kira daga Kaduna. Ga kuɗi: a kan kowane mutum ake lissafawa, duk shekara a sake biya, kuma da dala, wanda duk mai tsara kasafi ya san abin da hakan ke nufi tun da aka saki naira a watan Yuni 2023. Kafin ka sa hannu, tambaye su ko za a iya saka dokar kamfaninka da sunayen masu karɓar ƙorafi a cikin kwas ɗin, ko sabon ma'aikacin da ya zo tsakiyar shekara sai an biya masa cikakken kuɗi, da kuma inda suke ajiye bayanan ma'aikatanka, tunda Dokar Kare Bayanai ta 2023 a kanka take hawa.

Na biyu, akwai na kyauta, kuma ba na raina su. Hukumar kare haƙƙin jama'a ta Kalifoniya da gwamnatin jihar New York duk sun ɗora nasu a intanet, kuma suna da amfani ga mai son ganin yadda ake tsara darasi. Masu aiki a ƙungiyoyin agaji sun san dandalin Agora na UNICEF da kuma wani dandalin mai suna Kaya. Sai dai a lura: kwas ɗin da ake kira PSEA, wanda ake samu a can, yana magana ne kan ma'aikacin agaji da ke cin amanar mutanen da ya je taimakawa, kamar 'yan gudun hijira. Abin da ke faruwa tsakanin manaja da sakatariyarsa wani babi ne daban. Na ga ƙungiyoyin da suka yi na farkon suka ɗauka sun gama duka biyun.

Zaɓi na uku shi ne ka gina naka, kuma nan zuciyata ta fi karkata. Manhajar Moodle kyauta ce, tana da ta waya wadda mutum zai sauke darasi inda akwai sabis ya duba daga baya. Amma kada kalmar kyauta ta ruɗe ka. Za ka biya wurin ajiye shafin, da mai kula da shi, da mai ɗaukar murya, da lauyan da zai duba rubutun. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne rubuta labaran, kuma su ne ran kwas ɗin gaba ɗaya.

Mu da muka zauna rubuta namu, mun kwashe kusan mako biyu a kan maganar neman aure kaɗai. A wurinmu ba laifi ba ne namiji ya ga mace a wurin aiki ya nemi aurenta, gidaje nawa aka gina ta haka. Kwas ɗin da zai ce wannan haramun ne, ma'aikata za su yi watsi da shi duka. To ina iyakar take? Muka tsaya a kan abu biyu: idan ta ce a'a, magana ta ƙare, kuma wanda albashinta ko ƙarin girmanta ke hannunsa dole ya sanar da sashen ma'aikata a cire wannan iko daga hannunsa. Sai wasan taubasai da wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi ko Fulani da Barebari. Wasa ne mai daɗi da ke sanyaya ofis, amma akwai masu fakewa da shi su yi maganar jikin mace, in ta ɗaure fuska a ce, "Ke ba ki san wasa ba." Muka rubuta labarin bazawarar da kowa ke ganin ƙofarta a buɗe take, da na 'yar bautar ƙasa da aka tura aiki wani gari tare da ogan da ya kama ɗaki ɗaya ya ce kuɗin bai isa biyu ba. Muka saka na saurayin masinja da ake zagi a gaban baƙi kullum, domin cin zarafi bai tsaya kan neman lalata ba, kuma maza ma ana yi musu. Da ɗan gari akan ci gari. Babu kamfanin waje da zai rubuta maka waɗannan. Abu ɗaya dai: kada ka ɗauko abin da ya taɓa faruwa a wurinku yadda kowa zai gane mai shi. Ka canza sashe, ka canza gari, ka haɗa labari biyu ya zama ɗaya.

Na huɗu, zama kai tsaye da mai horaswa ta Zoom ko Google Meet. Ya fi tsada a kan kowane mutum, ga yankewar sabis, ga wahalar haɗa jama'a lokaci ɗaya. Duk da haka, in kuɗinka kaɗan ne, a nan zan ce ka zuba mafi yawansu, kuma a kan shugabannin sashe. Ba ra'ayina ba ne kawai. A 2016 rahoton wani kwamitin EEOC, hukumar hana wariya a wurin aiki ta Amurka, ƙarƙashin Chai Feldblum da Victoria Lipnic, ya ce yawancin horon da aka shafe shekara 30 ana yi bai hana cin zarafi ba, domin an fi damuwa da kare kamfani daga shari'a. Ya ba da shawarar koya wa mutane yadda za su sa baki idan sun ga ana yi wa wani. Masu bincike Frank Dobbin da Alexandra Kalev kuma sun bi diddigin kamfanonin Amurka sama da 800, suka wallafa sakamakon a 2019. Inda aka koya wa manajoji gane matsala da shiga tsakani, mata a kujerun shugabanci sun ƙaru. Inda aka tara ma'aikata ana jera musu abubuwan da aka hana, ba a samu wannan riba ba, wani wurin ma baya aka ci. Dalilin a bayyane yake: wanda ka zaunar a matsayin abin zargi zai toshe kunnensa, wanda ka ba amana ka ce da shi za a gyara zai saurara. A zaman kai tsaye ne manaja zai gwada bakinsa: me zai ce idan ma'aikaciya ta fashe da kuka ta roƙe shi kada ya gaya wa kowa? Me zai yi idan wanda ake ƙara amininsa ne, ko dattijon da ake kunya? Ka nemi mai horaswa ya nuna maka tsarin darasinsa, ka ji ko yana iya yi da Hausa, kuma kada ka haɗa ƙananan ma'aikata da ogoginsu a zama ɗaya, ba za su buɗe baki ba.

Sai WhatsApp, wanda masu tallar kwas ba sa ambata. Direba, mai gadi, mai shara da 'yan kwantiragi sau da yawa su aka fi yi wa, su kuma aka fi mantawa. Wani direbanmu ya gaya mini gaskiya game da kwas ɗin farko: "Hajiya, wallahi yarona ne ya danna mini har ya ƙare." Saƙon murya na minti uku zuwa biyar da Hausa, ɗaya a mako, da tambaya guda da mutum zai amsa ta murya, ya fi masa wancan nesa ba kusa ba. Rauninsa shi ne shaida, sai wani ya zauna yana rubuta wa ya amsa. Kuma ka ja kunne tun farko cewa ba a kawo ƙorafi a cikin zauren.

In wurinka ƙarami ne, kamar makaranta mai zaman kanta ko asibiti mai ma'aikata 20 zuwa 50, ba na ganin hikimar biyan dala duk shekara. Zama kai tsaye ga shugabanni da saƙon murya ga kowa sun wadatar. In kun kai ɗaruruwa kuma kuna da rassa, gina naku a Moodle zai mayar da kuɗinsa, musamman da yake sababbin ma'aikata na shigowa kullum. In kuma masu ba ku tallafi ko uwar kamfani suka dage kan shiryayyen kwas, ku yi shi, amma ku ɗora masa darasin gida na rabin awa.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka buɗe kwas kafin ka buɗe ƙofar ƙorafi. Rahoton 2016 ɗin nan ya ce kusan mutum 3 cikin 4 da aka ci zarafinsu ba su taɓa gaya wa shugaba ko wakilin ƙungiyar ma'aikata ba, kuma a ƙasar da ke da hukumomi ke nan. A wurinmu ga kunya, ga tsoron kada maganar ta kai gida a ce ta bar aikin. Ƙofar ta zama fiye da ɗaya, a samu mace a cikin masu karɓa, a samu hanyar da ta tsallake shugaban sashe, a rubuta kwana nawa za a ɗauka kafin a amsa, a kuma faɗi hukuncin wanda ya yi ramuwar gayya. Waɗannan sunaye da lambobi su fito a cikin kwas ɗin, ba a wata takarda da ke kulle a durowa ba.

Kada ka sayi kifi a ruwa. Ka nemi gwaji na mako ɗaya, ka ba mutum uku: direba ko mai shara a kan wayarsa da datarsa, mace mafi sabuntar zuwa, da manajan da ka san yana ganin abin ɓata lokaci ne. Bayan kwana biyu ka tambayi kowannensu shi kaɗai, ba tare da ya duba komai ba: in abu ya faru gobe, wurin wa za ka je? Lokacin da muka gwada namu haka, direban ya kawo sunaye biyu cikin uku, ya ce na ukun an faɗe shi da sauri. Muka sake ɗaukar muryar wannan wurin kafin mu tura wa kowa.