Motar kwasar masai da muka kira: aiki ya yi kyau, amma wurin zubarwar ne ya ɓata min rai

Jama'a sokawen gidanmu ne ya cika ana tsakiyar damina, har ya fara tsatsowa ta bayan katanga, shi ne maƙwabcina ya ba ni lambar wasu masu tanka da ke zuwa daga cikin Kano. Ba zan kama sunansu ba. Gaskiya ta fannin aiki ba ni da ta cewa, sun ce ƙarfe 9 kuma 9 ɗin suka iso, yara uku da safar hannu da dogayen takalma, suka ɗaga murfi suka zura mesa suka tada injin, kafin azahar an gama har sun watsa Izal sun wanke wurin tas. Kuɗin ma da sauƙi, kuma ya fi tsafta nesa ba kusa ba a kan 'yan gidan kowa da akwai masu kwasa da bokiti cikin dare.

To da za su tafi na tambayi direban ina za a kai kayan, ya ce "Alhaji kar ka damu akwai wurinmu". Hankalina dai bai kwanta ba, na hau mashin na bi su a baya. Wallahi ko fita gari sosai ba su yi ba, a ƙasan gada suka juya mota suka buɗe famfo, abin nan baƙi ƙirin yana kwarara cikin rafi, kuma gaba kaɗan ga yara na wanka, ga wani dattijo ya jona injin ban ruwa yana shayar da latas da kabeji. Rafin nan namu kogin da ya bi ta Wudil yake faɗawa, daga nan ya miƙe Ringim da Haɗeja, kuma ruwan ba a nan ya tsaya ba, har ta Komadugu Yobe yake bi ya nufi tafkin Chadi. Mutanen da ke ƙasa da mu da shi suke girki, shi dabbobinsu ke sha. Mun dai ga 2021 yadda kwalara ta yi mana, sama da mutum dubu 100 aka yi zargin sun kamu a Najeriya, fiye da dubu 3 suka rasu, Kano da Jigawa da Bauchi na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne gyaran ba wani injin miliyoyi yake buƙata ba a ƙaramin gari irin namu. Fili ne a ware nesa da ruwa, a haƙa tafkuna biyu ko uku a jere, na farko dauɗar ta kwanta a ƙasa, ruwan saman ya gangara na gaba, rana da gansakuka su yi ta kashe ƙwayoyin cuta tsawon makonni, dauɗar kuma a shanya ta ta bushe sosai manoma su ɗiba su yi taki. Rana kam Allah ya hore mana ita.

Na kira mai motar na faɗa masa abin da na gani, bai musa ba, ya ce man dizal ya yi tsada kuma ba wanda ya nuna musu wurin zubarwa a yankin. Na yarda da rabin maganarsa, shi ya sa washegari na je wajen duba-gari da mai unguwa na kai ƙorafi. Tauraro 2 cikin 5 na ba su, kuma ba zan sake kiransu ba sai na ga wurin zubarwarsu da idona.